Ɗigon Maɗi a Ƙwaryar Ruwa

Baba Nomau na gaban kasko tun hantsi.
Ruwan rake ya gama tsallen ƙuruciya,
ya yi nauyi, ya rage surutu;
kumfa ɗaya kan taso,
ta daɗe tana shawara kafin ta fashe.

Na ciro dutsen daga jakata,
ruwan toka, da zane siri-siri a jikinsa
kamar an ninke saƙi an zauna a kai.
Aron kwana uku ne daga malaminmu na Gusau.

Na ce, Baba, a ƙasan teku aka haifi wannan.
Rayolait sunansa.
Narkakke ya ɓullo, ruwa na danne da kansa.
Ba ya kwarara, kauri ya hana,
sai ja da ciki, sai miƙa, sai danƙo.
Sanyi ya kama fatarsa ta zama gilas,
ta tsage, ta zube gefe ɓaro-ɓaro,
ciki kuwa da sauran wuta,
yana turo na gaba,
na gaban ya ƙi, sai ya lanƙwashe,
ninki bisa ninki.

Bai ce uffan ba.
Mutumin da Bakolori ce iyakar ruwan da ya gani.
Ya tsoma ludayi, ya ɗaga,
ya saki ɗigo ɗaya a ƙwaryar ruwan sanyi.
Ɗigon ya ja wutsiya, ya nannaɗe, ya sandare.
Ya tsamo shi, ya danna da farce:
ƙas! ɓawon ya dare,
zuciyar ta leƙo da ɗuminta.

Ya ce, haka?
Na ce, haka.

Sai ya karɓi dutsen, ya bi zanen da babban yatsa.
Nan ya tsaya. Nan aka tunkuɗo shi ta baya.
Nan ya so hagu, ya fasa.
Zango biyu na yi da madubin ƙara girma
kafin in iya wannan karatu.

Na nuna masa Dutsen Kwatarkwashi ta kan danga,
na ce danginsu ɗaya,
sai dai shi a rufe ya huce, can ƙasa, ba gaggawa.

Ya jinjina kai, ya miƙo mini abina,
da danƙon maɗi a gefe guda.
Ya ce, to wa ke iza musu wutar?

Kafin in haɗa amsa kasko ya kai.
Ya ce, Tumba, ajiye tekun nan,
matso da kwanoni.