Sandar Kwana

Kaji huɗu gare ni a bayan gida, a Huddersfield,
inda rana ke leƙowa kamar mai bin bashi,
ta ga ba kowa, ta koma.
Mai gidan haya ya ce ban da zakara,
don haka gari ke wayewa a nan ba mai shela.

Tabawa ce babba. Ba wanda ya naɗa ta.
Ita ke fara sa baki a kwanon tsaki,
sai Kyallu, sai Dije mai ɗingishi.
Ladingo takan jira a gefe tana tonon banza,
wai ita ba yunwa ce ta fito da ita ba.

Ran Asabar na kawo ta biyar a kwalin ayaba,
daga wata gonar ƙwai da ta gama da ita.
Shekara da rabi a keji.
Wuya a fige, ƙirji ja wur,
zanko ya koɗe ya kwanta gefe.
Da ta ji ciyawa sai ta ɗaga ƙafa ɗaya,
ta rasa inda za ta ajiye.

Tabawa ba ta yi gaggawa ba.
Ta dube ta da idon dama,
ta juya ta dube ta da na hagu,
sannan ta sare ta a ƙeya.
Kyallu ta bi, Dije ta bi.
Amma mai zafin bakin ita ce Ladingo,
wadda jiya-jiya take tabarmar kowa.

Na rarumi tsintsiya.
"Ajiye," in ji Doreen Ackroyd ta kan katanga,
da kofin shayi, da hular ulu har gira.
"In ba jini, ba ruwanki. Lissafi suke yi.
Sa kwano biyu, nesa da juna.
Tabawa ba ta iya tsaron ƙofa biyu."
Shekara hamsin tana kiwo.
Ta san kaza mai mura daga tafiyarta.

Muka tsaya a yayyafi muna hirar ƙwarƙwata,
da tanar da ke fitowa bayan ruwa,
da yanyawar da ta ɗauke mata uku bara.
Na ce a garinmu ana cewa
sabo da kaza ba ya hana yanka.
Ta dafa ƙirji. Ta ce, "Ban da wannan layin."

Ban faɗa mata watana na farko a asibiti ba,
ɗakin shan shayi, kujerar da na zauna a kai
ashe da mai ita.
Ba wanda ya ce uffan.
Wadda ta gyara min zama da ido
wata shida kacal ta riga ni zuwa ƙasar.

Dare takwas ina leƙa akurki da tocila:
huɗu a kan sanda, ɗaya a ƙasa,
ta cusa kai a lungu.
Na tara sanyi ya sauko da gaske,
ruwan shansu ya daskare har gindin kwano.
Na dawo daga aiki, ban ko cire takalmi ba, na haska.
Biyar.
Ta matse a ƙarshen sanda,
wuyanta tsirara a cikin gashin Ladingo.
Ban ce ƙauna ba ce. Sanyi ne.
Amma ba wadda ta matsa.

Da safe Tabawa ta sare ta sau ɗaya,
sama-sama, kamar mai sa hannu a takarda,
ta bar mata gefen kwano.

Yau na tsinci ƙwai a cikin ciyawa,
ba a gurbi ba, har yanzu ba ta koya ba.
Na miƙa wa Doreen ta kan katanga, da ɗuminsa.
Ta juya shi a tafi, ta ce, "Wa sunanta?"
Na buɗe baki.
Kwana goma sha biyu ke nan
ina ce mata Baƙuwa.