Gafiya

Mu uku ne, injin wanki na huɗu.
A ƙasan shagon Madam Ofeliya, can Bronx,
inda bututun ruwan zafi ke tari kamar tsohon mashayin taba,
muka saci wuta daga bayan injin busar da kaya,
muka rataya bargo biyu,
muka ce ga sitidiyo.

Sallau ne mai baki, ɗan Zangon Kumasi.
Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji,
amma in ya hau kiɗa
sai ka ce magini ne ke jera tubali, ba ya duban hannu.
Wilfredo bai san komai a harshenmu ba sai "wallahi" da "kawo kuɗi",
yatsunsa kuwa sun san inda faifai ke jin ƙaiƙayi.
Ni, Ladingo, nawa ne kiɗan,
nawa ne kuma littafin bashi.

Sallau ya raɗa mana suna.
Ya ce ai a rami muke, sai dare muke fita.

Faifai ɗari uku muka buga da kuɗin hayar wata biyu.
Arba'in da ɗaya suka shiga.
Kawuna mai tasi ya sayi biyar saboda zumunci,
ya rataya ɗaya a madubi yana walƙiya,
bai taɓa saurara ba.

Na tuna daren Newark.
Mutum goma sha tara a zauren,
bakwai cikinsu masu jiran nasu layin ne.
Lasifika ɗaya ta mutu, Sallau ya ajiye makirfo
ya yi da maƙogwaro tsirara:
"haya ta ci albashi, sanyi ya ci ƙashi!"
Sai ga baƙaƙe da farare suna maimaitawa,
suna karya wasula, ba su san me suke cewa ba.
A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana.
Tsoro muke kar daɗin ya zube.

Sau ɗaya wani mai kwat ya sauko matakalarmu
yana kare takalminsa daga kumfa.
Ya ce kiɗan ya yi. Yaren ne sai a rage.
Kuma mutum ɗaya yake so, ba uku ba.
Sallau ya karɓi katinsa da hannu biyu, cikin ladabi,
ya sakace haƙori da shi.
Mun yi dariya har Madam ta buga ƙasa da tsintsiya.
Shekara goma sha shida ke nan,
har yau ban gama lissafin kuɗin dariyar nan ba.

Ba faɗa muka yi ba, kar a yi mana ƙarya.
Wilfredo ya samu 'yan biyu, ya koma gyaran firji.
Sallau ya tafi jana'izar mahaifinsa,
takarda ta rufe ƙofa a bayansa.
Shagon yanzu kofi ake sayarwa, dala bakwai,
ramin kuma ma'ajiyar kofuna.

Bara wani yaro ya aiko min saƙo daga Maraɗi.
Wai waƙarmu na yawo waya zuwa waya a tashar mota,
an rubuta mata "Ba'amurke mai Hausa, lamba 4".
Yana tambaya ko mawaƙin na da rai.
Na tura wa Sallau. Ya kwana biyu bai amsa ba,
sannan ya rubuto: gafiya, tsira da na bakinki.

Yanzu aikin dare nake a gidan tsofaffi.
Ƙarfe uku, in na kai zannuwa ɗakin wanki,
injin na uku daga hagu yana da 'yar gurgunta,
dum, dum-tak, dum.
Nakan tsaya da kwando a ƙugu
in bar gurbin baiti goma sha shida,
ko wani zai shigo.