Akwatin Mesa a Oulu

Jikata Inkeri ta tafi aikin jirgin ruwa,
ta bar mini 'yar mesa cikin rigar matashin kai
da takarda mai layi uku:
"Kaka, gefe ɗaya talatin da biyu,
ɗaya gefen ashirin da shida.
Kada tausayi ya yi maka yawa, za ka dafa ta."

Shekara arba'in ina feƙe katako a garin nan.
Na yi ƙofa, na yi gadon jariri, na yi akwatin gawa,
ban taɓa yi wa maciji ɗaki ba.
Sai na jawo kabad ɗin Saimi,
wanda ba a buɗe ba tun rasuwarta,
na kwantar da shi, na sa gilashi a gurbin madubi.
Har yau katakon na ƙamshin sabulunta.

A waje ƙanƙara ta kai gwiwa.
Rana kan leƙo da hantsi kamar wadda ake bi bashi,
kafin ka gaishe ta ta juya.
Ita kuwa wannan baiwar Allah
jininta ba ya hura wutar kansa,
ɗuminta duk na aro ne.

Na fara da ƙwan lantarki.
Ya ba da zafi, amma ya hana dare shiga.
Ta cusa kai cikin naɗinta kwana biyu
kamar mai fushin da ba ta son tambaya.
Na kashe.

Maƙwabcina Urpo ya kawo dutsen roba mai waya,
ya ce ta hau ta kwanta, shi ke nan.
Na ɗora tafina, na ƙirga goma, na janye.
Maciji ba ya janyewa, in ji Inkeri,
sai ya lafe kan abin da ke ƙona shi
yana zaton alheri ne.
Na san mutane haka.
Na mayar wa Urpo kayansa.

Na gwada shimfiɗar zafi ta ƙarƙashi.
Katakon ya yi kauri,
ya riƙe ɗumin a cikinsa, bai bari ya fito ba.
Mai kabad ɗin ma haka take.

Daga ƙarshe na rataya ƙwan tangaran,
mai zafi ba haske,
na kewaye shi da raga don kada ta naɗe shi,
na haɗa da 'yar na'urar da ta san "ya isa",
mai yanke wuta da kanta.
Dare duk ina jin ta: ƙas. Shiru. Ƙas.
Hagu ɗumi, dama sanyi-sanyi,
kaskon ruwa a tsakani,
ita ke zaɓar inda za ta kwana.
Ashe karatun ke nan.

Ranar Laraba iska ta ka da itace kan wayar unguwa.
Duhu. Ƙas ɗin ya ɗauke.
Na haska ma'auni: ashirin da huɗu,
ashirin da ɗaya,
sha tara.
Na juye ragowar ruwan fulas a gora, na sa mata safa,
kafin tsakar dare ta huce.

Sai na ɗaga rigar ulun da Saimi ta saƙa
na sa mesa a ƙirji.
Sanyi kamar an manna mini zarto.
Ta bi haƙarƙarina ɗaya bayan ɗaya,
ta iske inda ke bugawa,
ta tsaya.
Haka muka zauna har gari ya waye,
ni da shekaruna saba'in da huɗu,
ban san da sauran ɗumin da zan ba wani ba.

Da wuta ta dawo na mayar da ita.
Ta miƙe ta nufi gefen sanyi, ko waiwaye.

Da yamma Inkeri ta bugo daga teku:
"Kaka, da me kake ɗumama ta?"
Na dubi kabad, na dubi rigata.
Na ce, "Tangaran."