Harafi Ɗaya

Ranar da na fita takaba
na wanke mayafina, na shanya a igiyar Dudu,
na ɗauki ledar takardun Tanimu
na tsayar da ɗan mashin.

Lauya yana da sanyi a ofishinsa
da murmushi mai tsada.
Ya faɗi kuɗin buɗe baki kawai,
ni kuwa na auna da waina:
tanda nawa zan juya a bakin kasuwar Garwa
kafin in sayi kalmarsa ta biyu?
Na ce masa sai an jima.
Har yau an jiman bai yi ba.

Ladiyo na ɗauko daga makaranta,
shekararta goma sha uku,
Faransanci a bakinta kamar gyaɗa marau-marau.
Ita ce lauyata.
Ladanta alewa, da ƙosai in mun daɗe a layi.

Meri ta ce a kawo shaidar asibiti.
Asibiti ya ce mai hatimi ya tafi Marwa ta'aziyya,
a dawo Talata.
Talata ta haifi Alhamis.
Na sayi kan sarki, na lasa, na liƙa,
har harshena ya san ɗanɗanon gwamnati.

Dangi suka zauna a gindin dalbejiya.
Malam Sambo ya zana rabo a ƙasa da tsinke:
tumuni nawa, saura na yara,
namiji biyu, mace ɗaya.
Ƙanin marigayi ya daɗe yana kallon keken ɗinki.
Malam ya ce masa, "Akwai ɗa namiji, Bawuro,
idonka ya yi haƙuri."
Aka rubuta, kowa ya dangwala yatsa.

Na zaci an kai gaci,
ashe Binuwai tana da wani reshe.

Magatakardan kotu ya jera takardu biyu,
ya ɗaga gilashinsa.
"Katin ɗan ƙasa ya ce Tanimu.
Takardar kamfanin auduga ta ce Talimu.
Mutum biyu ke nan, Hajiya.
Wanne ne ya rasu?"

Ladiyo ta fassara, muryarta na rawa.
Na ce, faɗa masa
ɗaya na yi wa tuwo shekara ashirin da biyu,
ɗaya ke minshari a ɗakina,
kuma makara ɗaya ta fita daga zauren.
Ya yi dariya, ya daina,
ya ce takarda ba ta san minshari ba.
Ki kawo shaidu biyu.

Wani akawu ne, tun ban zo gidan ba,
alƙalaminsa ya zame da tsakar rana.
Harafi ɗaya.
Ya ci mini mako bakwai da takalmi guda.

Hamajoda ya zo da sandarsa daga Pitowa,
Ɗanjuma direba ya ajiye lodi.
Alƙali ya tambayi tsohon,
"Ka san mutumin nan?"
Ya ce, "Ina binsa jaka uku tun bara,
na kuma yafe. Wa ke yafe wa wanda bai sani ba?"
Alƙali ya sunkuyar da kai yana rubutu,
na ga kafaɗarsa na motsi.

Da aka miƙo hukuncin gado
ban dangwala yatsa ba.
Dare goma sha Ladiyo na riƙe hannuna a kan allo,
sai na rubuta Tasalla,
karkatacce, kamar sawun kaza bayan ruwa,
amma babu harafin da ya zame.

Takardar tana ƙarƙashin katifa, cikin leda biyu.
Jiya da magariba Asta ta yi sallama,
mijinta ya sake ta a waya, ya ƙi rubutawa.
Na sauke tanda, na shimfiɗa mata tabarma.
Na ce, fara nemo shaidu,
ki yi hoton kowace takarda sau uku,
ki duba sunanki harafi-harafi.
Kuma gobe kada ki sa takalmin fita biki.