Faifan Kakuri

Ishaku ne ya kira ni bayan isha'i:
"Ƙasimu, tsohuwar ta ƙi tashi."
Na hau babur na ƙetare gada,
kogi ya cika ya batse da ruwan Agusta,
na isa Kakuri rigata tana ɗiga.

Ofishin na bayan masaƙar da ta mutu.
Kwamfutar ta girmi ɗana na fari,
Yuniks ke cikinta, ba ta san ado ba,
baƙin allo, farin rubutu,
sai ka tambaya take amsawa.
Sunayen ma'aikata dubu biyu ke kwance a faifanta
da shekarun da kowa ya yi a gaban zare.

Ban taɓa komai ba, na kara kunne.
Ƙas. Ƙas. Shiru. Ƙas.
Lafiyayyen faifai gunaguni yake yi,
ba ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Na fara da abin da ya fi arha:
na zare waya, na hure ta, na mayar.
Sau nawa waya ke laifi a zagi faifai!
Yau dai ba ita ba ce.

Na buɗe inda na'ura ke rubuta kokenta,
layi ɗaya ya maimaita kansa sau arba'in:
gurbi kaza ya ƙi karantuwa.
Ishaku ya ce, "Sa mata fsck mana, mu tafi gida."
Na ce ba a yaɓen rumbu hatsi na zuba,
kwashewa ake fara yi.
Na gindaya mata: a karanta, kar a rubuta.
Na jona sabon faifai, na sa ta kwafa
gurbi bayan gurbi,
in ta yi tuntuɓe ta tsallake.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta.
Batir ya hau tsuwa kamar ɗan tsako,
Ishaku ya ja igiyar janareta sau biyar
yana kiran sunan Allah da yarensu.
Ta kama.

Mai gadi, Baba Shekarau, ya kawo shayi,
ya tsaya a bayana bai tafi ba.
"Ina ciki?"
Na ce ban sani ba tukuna.

Da kiran assalatu kwafi ya kammala.
Gurbi goma sha bakwai sun tafi, ba dawowa.
A kan kwafin na saki mai gyara,
yana tambaya ina cewa e, e, e,
har yatsana ya sage.
Abin da ya rasa suna ya tara a ɗakin tsintuwa,
kowanne da lamba a wuya.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

A na tara na gan shi:
Shekarau Jatau, sashen rini.
Gurbin shekarun aiki: ɗaya,
sai rami inda lamba ta biyu take.

Ya sa tabarau, ya duba, ya yi dariya.
Ya miƙo hannuwa ƙarƙashin fitila,
yana nuna min inda rini ya taɓa ci.
"Sha tara ne. Rubuta."

Ban rubuta a faifai ba.
Abin da bai faɗa ba, ba na sa masa a baki.
Na rubuta a takarda, Ishaku ya sa hannu,
shi ma ya dangwala.

Tsohon faifan na naɗe a tsumma,
da sauran ɗuminsa a aljihuna
har na wuce gada.