Arba'in da Bakwai

Ni baduku ne, a Birni nake ɗinki,
tun ina yaro basilla ce alƙalamina.
Na san fatar da ta jemu, na san wadda aka gaggauta,
amma ran da aka miƙo mini Mutari cikin zane
ban iya karanta abin da na gani ba.

Kukansa ƙasa-ƙasa, nono sai da lallashi,
wuya laushi kamar fatar da ta kwana a ruwan bagaruwa.
Gwaggo Tsahara ta leƙa, ta tsuke baki,
ta raɗa wa Harira wai ɗan ruwa ne,
wai da cikinsa ta tsallake kwata da almuru.
Wata bakwai muna jiƙo, muna turare.
Akuya biyu suka tafi a haka.

Wata Alhamis, Kasuwar Dole ta cika ta batse,
tari ya hana shi numfashi, muka hau kabu-kabu sai asibiti.
Wata ma'aikaciya, Yagana, mai tsagen Barebari,
ta buɗe tafin hannunsa, ta daɗe tana kallo,
sannan ta tambayi sana'ata.
Ta ce: to, kai za ka gane.
Da zare arba'in da shida ake ɗinka ɗan Adam,
rabi na uba, rabi na uwa.
Naka an ƙara masa ɗaya. Tirizomi ke nan.
Ba iska, ba baki, ba laifin kowa.
A duba zuciyarsa tun yanzu,
jinin maƙoshi duk shekara, ido da kunne,
kada rigakafi ya wuce shi.
Zai zauna, zai taka, zai kira ka baba,
sai dai agogonsa ba irin naku ba ne.

Harira ta zauna a dandamali ta yi kuka,
irin na wadda aka sauke wa tulu bayan doguwar tafiya.

Ran Asabar akwai taro a Garin Malam,
tsakar gidan wata tsohuwar malama, ƙarƙashin bedi.
Mata sha ɗaya, namiji ni kaɗai.
Sati uku ina tsayawa a zaure, wai ina jiran iyali,
sai wata yarinya, Lantana, ta kamo hannuna
ta zaunar da ni kan tabarma, ba ta ko nemi shawarata ba.
A can yara ke hura kumfar sabulu don leɓe ya yi ƙarfi,
a can muka koyi cewa ruwa da hannu kafin harshe ya iso.
Muna zuba dala ashirin-ashirin a gwangwani,
kuɗin motar Yamai ga wanda zuciyarsa ke da ƙofa.
Lantana ba ta jira gwangwanin ya cika ba.
Har yau ba mai zama a gefen tabarmarta.

Mutari ya taka a shekara uku da rabi,
daga turmi zuwa randa, na ƙirga, taki biyar.
Yanzu sha ɗaya gare shi, da jakar lakwal da na ɗinka masa.
Yana ƙirga har sha tara, sai ya yi tsalle zuwa talatin.
Yana da taurin kai, ya fi dutsen bayan gidanmu.
Idon Gwaggo Tsahara ya rufe bara,
shi ke jan sandarta zuwa rana da hantsi.
Ba ta taɓa cewa komai ba. Ni ma haka.

Da dare ina lissafin wa zai riƙe shi bayana,
lissafin ba ya fita, in tashi in kunna fitila in kama aiki.

Jiya wani ya juya alabe, ya ce: malam,
ɗinkin nan ya ɗara na ɗaya gefen da guda.
Na ce na sani.
Mutari na shafa jan rini, ya ɗago, ya miƙa masa hannu.
Mutumin ya dubi rinin, ya dubi farar rigarsa,
ya karɓa.