Tashar da Ta Ɓace

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo a Dilimi.
Kunnena kan bambance wadda ta jiƙe da wadda ta ƙone
tun mai ita bai gama kwance tsumma ba.
Sai bara, bayan babbar salla, tawa ta ɗauke.
Ba rasuwa aka yi ba, ba bashi, ba gobara.
Haka kawai shayi ya koma ruwan zafi,
dariyar 'yata ta koma shuuu,
irin ta tsakanin tasha da tasha.

Ƙwaya iri uku na haɗiya cikin wata tara.
Ɗaya ta sa ni barci, ɗaya ta sa ni ƙiba,
ta ukun ko uffan.

Yau Dakta Nanret ta kafa mini hula mai wayoyi,
ta ɗiga wani mai a fatar kaina,
sanyinsa ya fi na alwalar asuba a Jos.
"Rufe ido, Malam Ɗanliti. Kada ka yi komai."
Na ce a raina, nan kam na ƙware.

Da na buɗe, ga layuka a allo,
hawa da gangara, kamar duwatsun Shere daga nesa.
Ta ce ƙwaƙwalwata ce ke surutunta ita kaɗai.
A ɗaki na gaba akwai na'ura mai maganaɗisu,
tana ƙwanƙwasa gefen goshi, ƙas-ƙas-ƙas,
kullum, har makonni.
Wasu ƙofarsu kan buɗe, wasu ko gezau.
"Kafin matarka ta sayar da dankalinta na bana,
bari mu kasa kunne ko akwai mai amsawa a ciki."

Na ce, duba ke nan?
Ta gyara tabarau.
"Mai duba tabbas yake sayarwa.
Ni wataƙila gare ni, sai dai tawa da lissafi.
Masu layi irin naka, da dama sun ji sauƙi.
Ba duka ba. Ba zan rufe ka ba."

Wannan magana na san ta.
Ni ma nakan ɗora mita a kan matacciyar rediyo,
allura ta ɗan motsa, kamar gashin ido,
in ce wa mai ita dawo jibi.
Ba na rantsuwa. Amma ba na jefa ta a kwandon tarkace.

Hansatu na kan benci, takalmanta duk jar ƙasa.
"Me suka gani?"
Na ce, allura ta motsa.
Ba ta gane ba, ta ƙara riƙe hannun rigata.

A Taminus ruwa ya tsare mu ƙarƙashin rumfa.
Wata mata na gasa masara, tana kare garwashi da faifai.
Ba zan ce ƙanshin ya yi mini daɗi ba.
Na dai lura da shi.

Litinin, ƙarfe takwas.
Na rubuta a bayan rasit.